Tambaya da Amsa: Kwamfutar da ta san umarni takwas kacal

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. A fitowar da ta wuce na saka hoton wata tsohuwar kwamfuta mai suna PDP-8, akwati ne mai girman ƙaramin firij da jerin maɓallai da ƴan fitilu a gabansa, na rubuta a ƙarƙashin hoton cewa umarni takwas kacal ta sani, to tun ranar saƙonni ke ta shigowa, wasu na mamaki wasu kuma sun ce sam ba su yarda ba. Na ji daɗin hakan sosai don wannan fanni ne da nake matuƙar so. Ga waɗanda na zaɓo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne sunan, an ce mata minikwamfuta wai ƙarama, amma a hoton nan ai mutum ɗaya ba zai iya ɗaga ta ba, to ina ƙanƙantar take? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Ɗan'uwa gaskiyarka, nauyinta ya haura kilo 100. Amma sai ka dubi abin da ake kira kwamfuta a lokacin kafin ka yanke hukunci. A farkon shekarun 1960 in aka ce kwamfuta ana nufin irin su IBM 7090, wadda kuɗinta ya kusa dala miliyan 3, ɗaki guda take cinyewa da na'urar sanyaya ɗaki tata da ma'aikata masu kula da ita dare da rana, kai mai buƙata ko taɓa ta ba za ka yi ba, katunanka masu huji za ka miƙa ta taga ka tafi, sai bayan awanni ko washegari ka dawo ka karɓi takarda, in ka yi kuskuren waƙafi ɗaya shikenan ka sake bin layi. Sai ga kamfanin DEC, wato Digital Equipment Corporation, a 1965 ya fito da PDP-8 a kan dala 18,500, ana ɗora ta a kan tebur, a jona ta da wutar bango ta yau da kullum, mai bincike ya zauna gabanta shi kaɗai ya yi aikinsa. Ƙanƙantar kenan, kuma ni a ganina ƙanƙantar kuɗin ta fi ta jikin muhimmanci, domin kuɗin ya sauko inda shugaban sashe a jami'a ko injiniyan masana'anta zai iya sa hannu a saya ba sai an kira taron manya ba.

Shi DEC ɗin Ken Olsen da Harlan Anderson ne suka kafa shi a 1957, dukkansu daga ɗakin binciken Lincoln na jami'ar MIT suka fito, da jarin dala 70,000, a wata tsohuwar masaƙar ulu a garin Maynard na jihar Massachusetts a Amurka. Har sunan PDP ɗin ma akwai dalili, masu zuba jari na lokacin suna tsoron kalmar kwamfuta saboda suna ganin ba mai iya karawa da IBM, sai aka laƙaba wa injin wani suna da ke nufin na'urar sarrafa bayanai kawai. Kuma ba PDP-8 ce ta fara ba, kafin ita akwai CDC 160 ta Seymour Cray a 1960, akwai LINC da Wesley Clark da Charles Molnar suka ƙera a 1962 saboda masu binciken lafiya da halittu, akwai PDP-5 ta 1963 wadda aka fara yi saboda aikin sa ido a cibiyar nukiliya ta Chalk River a Kanada. Duk waɗannan bit 12 ne, bit kuwa shi ne sifili ko ɗaya guda. PDP-8 ita ce dai ta yi kasuwa, in an haɗa duk ire-irenta an sayar da sama da 50,000.

TAMBAYA: Malam don Allah ka yi min bayani dalla-dalla, ni ɗalibar kimiyyar kwamfuta ce kuma a aji an nuna mana cewa furosesa na yanzu suna da ɗaruruwan umarni, ta yaya umarni takwas zai isa a rubuta furogiram? Ko debewa ma ai umarni ne, ninkawa umarni ne, rabawa umarni ne, kafin ka ƙirga ai sun ƙare.

AMSA: Ƙanwata wannan tambayar taki ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya, don haka ki yi haƙuri zan ɗan daɗe a kanta.

Abu na farko da za ki riƙe, a 1965 babu furosesa a cip ɗaya, wannan sai 1971 da Intel 4004. PDP-8 ta farko da transista ɗaiɗai aka gina ta, a jere a kan ƙananan katuna ana cusa su a ramuka, a baya kuma dubban wayoyi ne aka nannaɗe a kan ƙusoshi suna haɗa kati da kati. Ma'ana duk wani bit ɗaya da injiniya ya ƙara a faɗin injin, ƙarin transista ne da ƙarin kati da ƙarin waya da ƙarin memori, wato ƙarin dala. Shi ya sa Edson de Castro, injiniyan da ya jagoranci ƙirar, da irin su Gordon Bell da suka tsara PDP-5 wadda aka gado tsarin daga gare ta, tambayar da ke gabansu kullum ita ce me za mu iya cirewa injin ya ci gaba da aiki.

Kalmar injin bit 12 ce, wato kowane gurbi a memori yana ɗaukar sifili da ɗaya guda goma sha biyu, kuma dole umarni ɗaya ya shiga cikin kalma ɗaya. Ga yadda aka raba su: bit 3 na farko su ke faɗin wane umarni ne, kuma bit 3 iyakar abin da za su iya bambantawa takwas ne, to kin ga inda takwas ɗin ta fito. Saura 9. Bit 7 na ƙarshe adireshi ne, biyun da ke tsakiya kuma zan dawo kansu.

Umarnan su ne AND, TAD, ISZ, DCA, JMS, JMP, IOT, OPR. A cikin injin akwai rajista ɗaya tak ta lissafi da ake kira akumuleta, ki ɗauke ta kamar tafin hannun injin, duk abin da zai yi aiki a kai sai ya riƙe shi a nan, sai wani bit ɗaya a gefenta mai suna link da ke karɓar abin da ya yi ambaliya. TAD na nufin ɗauko lambar da ke gurbi kaza ka tara a kan abin da ke hannunka. DCA na nufin ajiye abin da ke hannunka a gurbi kaza ka bar hannun fayau. JMP tsallake zuwa wani wuri. ISZ ƙara ɗaya a kan lambar da ke gurbi kaza, in ta zama sifili ka tsallake umarni na gaba, da shi ake ƙirga zagaye. AND na tace bit. IOT magana da na'urorin waje. JMS kiran wani reshen furogiram.

Ki lura babu umarnin ɗauko lamba kawai. In kina so ki ɗauko, sai ki share hannun ya zama sifili sannan ki yi TAD, sifili a tara da lamba ai lambar ce. Kuma da yake DCA tana share hannun bayan ta ajiye, sau da yawa ma ba sai kin share da kanki ba, an riga an share miki. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan dabarar sai na ji ta burge ni, umarni guda aka tsame daga jerin ba tare da an rasa komai ba.

Debewa fa? Bari mu yi 7 a debe 5 tare. Ki ɗauko 5 a hannu, a bit 12 ita ce 000000000101. Sai ki juya kowane bit, sifili ya koma ɗaya, ɗaya ya koma sifili, ki samu 111111111010, ki ƙara ɗaya ta zama 111111111011, wadda in kin ƙirga 4091 ce. Yanzu ki yi TAD da 7, 4091 da 7 ya ba da 4098, amma bit 12 ba sa iya riƙe abin da ya kai 4096, kamar mitar mota ce da ta cika tara-tara ta juyo sifili, sai 4096 ɗin ta zube cikin link a bar miki 2 a hannu. Ga amsarki, kuma na'urar tarawa kaɗai aka yi amfani da ita, ba a gina ta debewa ba. Ninkawa kuma tarawa ce da gusar da bit a maimaita, ana rubuta ta a matsayin ɗan reshen furogiram, wanda ke da kuɗi kuma yana son sauri sai ya sayi ƙarin na'urar lissafi daban a jona masa.

To wa ya yi juyawar da ƙara ɗayan? OPR. A nan ne zan yarda cewa maganar "takwas" tana da ɗan bayani a bayanta. OPR ba ta buƙatar adireshi, saboda haka bit 9 ɗin da suka rage sai aka mai da kowannensu kamar makunni, wannan in an kunna shi a share akumuleta, wancan a share link, wancan a juya bit, wancan a ƙara ɗaya, wasu a gusa dama ko hagu, a wani rukunin kuma a tsallake umarni na gaba in hannun sifili ne ko in lambar ta yi ƙasa da sifili. Kuma ana iya kunna biyu ko uku a umarni ɗaya, misali juyawa da ƙara ɗaya a haɗe su ake rubutawa CIA. Haka IOT, bit 6 na zaɓar na'ura, wato har 64, sauran 3 na faɗa mata abin da za ta yi. Don haka ƙofofi takwas ne amma biyu daga ciki ɗakuna ne da yawa a bayansu.

Yanzu bit biyun da na ce zan dawo kansu, kuma nan ne tsadar wannan tsimin ta fito. Memorin injin kalma 4096 ce, kina buƙatar bit 12 cur kafin ki nuna kowane gurbi, amma 7 kawai suka rage a umarni, 7 kuma iyakarsu 128. Sai aka yanka memorin shafi-shafi, shafi 32 kowanne kalma 128. Bit ɗaya na cewa adireshin nan a shafin da nake ciki yake ko a shafin farko, wato shafi na sifili wanda kowa ke iya gani daga ko'ina. Ɗayan bit ɗin kuma na cewa gurbin da na nuna ba shi ne kayan ba, ki je can za ki tarar da cikakken adireshi mai bit 12 a rubuce, shi za ki bi. Kamar a ce miki je ki buɗe akwati kaza akwai takarda a ciki da ta faɗi inda kayan suke. Da haka ake isa ko'ina a memori, amma kowace irin wannan tafiya tana cin ƙarin zagaye ɗaya na memori da ƙarin gurbi ɗaya na ajiye adireshin, kuma mai rubuta furogiram kullum idonsa na kan iyakar shafi, aikinsa ya kai kalma 130 shafi kuma 128 ne, sai ya zauna yana neman inda zai matse kalma biyu. Shafi na sifili kuwa kowa so yake ya samu gurbi a ciki, har akwai gurabe takwas a cikinsa, daga na 8 zuwa na 15, da ke ƙara wa kansu ɗaya duk lokacin da aka bi ta cikinsu, saboda a samu sauƙin bin jerin lambobi tunda babu rajistar da za ta yi wannan aikin.

JMS ma akwai abin lura. In an kira reshe dole a tuna inda za a dawo, injinan yanzu suna da sitak da suke jibge adireshin dawowa a kai, PDP-8 ba ta da shi, sai ta rubuta adireshin dawowar a kalmar farko ta reshen kansa ta fara aiki daga kalma ta biyu, in an gama a yi JMP ta cikin waccan kalmar ta farko a koma gida. Araha ƙwarai, amma reshe ba zai iya kiran kansa ba, yana yi zai goge adireshin farko ya ɓata hanyar komawa, sai dai mai furogiram ya gina nasa sitak ɗin da hannu. Ni ban ɗauki wannan a matsayin kuskure ba, sun san abin da suka bari kuma sun san wa suke ƙera wa, mai auna zafin tukunyar masana'anta ko mai karanta siginar jijiya a ɗakin bincike ba wannan ne damuwarsa ba. Damuwarsa injin ya amsa da sauri in na'ura ta kira, kuma an ba shi wannan, in na'ura ta katse injin sai ya ajiye inda yake a gurbi na 0 ya fara aiki daga gurbi na 1, shi ma salon JMS ɗin ne aka sake amfani da shi.

Saurinta kuma, TAD ɗaya na cin kashi 3 cikin miliyan na sakan, wato tana tarawa sau 333,000 da ɗoriya a sakan guda. A 1966 ma sun fitar da PDP-8/S wadda ke lissafi bit ɗaya bayan ɗaya maimakon 12 a tare, ta fi ta farkon jinkiri fiye da sau goma amma ta sauko ƙasa da dala 10,000, kuma an saya.

TAMBAYA: Ɗana, ni tsohon mai gyaran rediyo da talabijin ne, na ji an ce memorin waɗannan injina ko an ɗauke wuta ba ya mantuwa, alhali kwamfutar yanzu in wuta ta ɗauke abin da ba ka ajiye ba ya tafi. Yaya aka yi na da ya fi na yanzu a nan?

AMSA: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Abin da aka gaya maka haka yake, kuma kai da ka san maganaɗisu da koyil za ka fi kowa saurin ganewa. Memorin ƴan ƙananan zobba ne na ferayit, irin baƙin abin nan da ke cikin eriyar rediyo, kowane zobe bai fi kan allura girma sosai ba, kuma kowane zobe bit ɗaya ne. In aka tura wuta ta wayar da ta ratsa shi ta wannan gefe sai maganaɗisunsa ya juya dama, in ta ɗaya gefen ya juya hagu, dama ɗaya kenan hagu sifili, kuma da yake maganaɗisu ne yana nan yadda aka bar shi ko an kashe injin an tafi hutun mako.

Dabarar da ta sa abin ya yiwu ita ce ta rabin wuta. An jera zobban layi-layi kamar saƙar raga, 64 a tsaye 64 a kwance, waya ɗaya na ratsa kowane layi na tsaye, wata na ratsa kowane na kwance. Zoben ba ya juyawa sai wutar ta kai wani mizani, to sai a tura rabin mizanin ta waya ɗaya ta tsaye, rabi ta waya ɗaya ta kwance, duk zobban da ke kan layukan biyu rabi kawai suka samu ba su motsa ba, sai guda ɗayan da ke mahaɗar, shi ya samu cikakke ya juya. Da waya 128 ka mallaki zobe 4096. A jera irin wannan faranti 12 a kan juna, ga kalma 4096 mai bit 12, zobe 49,152 kenan, kuma akasari da hannu aka zura wayoyin nan, mata ne suka fi yin aikin suna duba ta gilashin ƙara girma. In ka ji an ce memori ya fi komai tsada a injin, to ga dalilin. Duka-duka in an auna da ma'aunin yau bai wuce bayit 6,144 ba.

Sai dai yana da wani hali, karantawa na goge shi. Yadda ake karanta zobe shi ne a tilasta masa ya koma sifili, in da ɗaya ne a ciki zai juya, juyawar ta haifar da ɗan siginar wuta a wata waya ta uku mai saurare, in ba a ji komai ba to da ma sifili ne. Ka ga an san abin da ke ciki amma an share shi, dole nan take a sake rubuta shi. Masu ƙira sai suka ci riba da wannan ma, tunda dole a mayar da lambar, me zai hana a ƙara mata ɗaya kafin a mayar, umarnin ISZ da na yi wa ɗalibar can bayani ya zauna daidai a kan wannan halin. Jay Forrester na MIT ne ya kai wannan fasaha ga aiki a kwamfutar Whirlwind a 1953, An Wang ma yana da nasa haƙƙin ƙirƙira a fannin. Memorin silikon ya ture shi a shekarun 1970 saboda ya fi araha da sauri da ƙanƙanta, an yarda an rasa riƙon nan na bayan ɗauke wuta aka bar wa faifai wannan aikin.

TAMBAYA: Malam su waɗannan maɓallan na gaba ado ne ko suna da aiki?

AMSA: Aiki kai, babba ma. Injin ba shi da komai a ciki da zai tashe shi, in memorin ya ruɗe to ko karanta tef bai iya ba. Sai mutum ya tsaya gaban maɓallai 12 ɗin, ya ɗaga wasu ya sauke wasu su ba da adireshi, ya danna na loda adireshi, sannan ya sake jera su su ba da umarni na farko ya danna na ajiyewa, ya jera na biyu ya danna, haka har ya shigar da wani ɗan furogiram da ake kira RIM wanda bai kai kalma 20 ba, ana karanta lambobin uku-uku a lissafin takwas-takwas shi ya sa aka raba maɓallan rukuni-rukuni, waɗanda suka saba da ka suke yi yatsu na gudu. RIM ya karanto wani mai lodi da ya fi shi wayo mai suna BIN daga tef ɗin takarda mai huji, shi kuma BIN ya karanto ainihin furogiram. Na'urar da aka fi haɗawa da ita Teletype Model 33 ce, harafi 10 take karantawa a sakan, kowace kalma kuma layi biyu na huji take ci, to lissafa, cika memorin nan gaba ɗaya kusan minti 14 kana zaune tana ƙara. Mai na'urar karatu mai sauri ta harafi 300 a sakan kuwa ƙasa da rabin minti ya gama. Fitilun kuma suna nuna abin da ke cikin rajista ne kai tsaye, ana iya tsayar da injin a taka shi umarni ɗaya-ɗaya ana kallon inda lissafi ya karkace.

TAMBAYA: Yallaɓai na ga a wani wuri an ce PDP-11 ce ta fi tasiri a kan kwamfutocin yau ba PDP-8 ba. Mene ne bambancinsu, kuma me ya sa aka bar bit 12 aka koma 16? Daga wani injiniyan manhaja.

AMSA: Ɗan'uwa na yarda da wanda ya faɗi haka. Abu biyu ne suka canza. IBM ta fito da System/360 a 1964 ta kafa bayit mai bit 8 a matsayin ma'aunin harafi, bit 12 kuwa harafi ɗaya da rabi ne, ba ya rabuwa daidai, 16 kuma biyu ne cif. Na biyu ƙananan cip sun fara araha, abin da da ake jin tsoron ƙarawa yanzu ana iya ƙarawa. Wasu sun riga DEC shiga 16, akwai DDP-116 a 1965, akwai HP 2116A a 1966, kuma Honeywell DDP-516 ce aka yi amfani da ita a matsayin na'urar haɗa layukan ARPANET a 1969, kakar intanet kenan. A cikin DEC kanta de Castro ya tsara wani sabon inji aka ƙi amincewa da shi, sai ya fice a 1968 shi da wasu abokan aikinsa suka kafa Data General, a 1969 suka fito da Nova, bit 16, akumuleta huɗu, furosesan a kan manyan alluna masu inci 15 maimakon tarin ƙananan katuna da wayoyin baya, kuma a ciki bit huɗu-huɗu take lissafawa don a rage kaya, tsimin nan dai bai bar shi ba.

DEC ta mayar da martani da PDP-11 a 1970. Rajista takwas, R0 zuwa R7, kuma abin da ya fi burge ni shi ne R7 ita ce mai nuna umarni na gaba, R6 ita ce mai riƙe sitak, amma dukkansu ana taɓa su da umarni iri ɗaya da sauran. Hanyoyin nuna adireshi takwas ne kuma kusan kowane umarni na aiki da kowace hanya, ba sai ka haddace wane ya yarda da wane ba. Layi ɗaya kamar MOV (R0)+,(R1)+ ya kwafi kalma daga inda R0 ke nunawa zuwa inda R1 ke nunawa kuma ya gusar da su biyun gaba, abin da a PDP-8 sai ka haɗa TAD da DCA ta cikin gurabe na musamman. Sannan Unibus, layin wayoyi guda da furosesa da memori da duk na'urori suke rataye a kai, aka ba kowace na'ura adireshi kamar gurbin memori, babu buƙatar IOT kuma, in ka tura harafi zuwa adireshi 177566 a lissafin takwas-takwas sai Teletype ta buga shi a takarda. Wannan tsarin na ba na'ura adireshi a memori har yau shi ake yi a furosesan da ke cikin wayarka. Babbar manhajar gudanar da kwamfuta mai suna Unix da Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a kan PDP-7 a 1969, a kan PDP-11 ta girma, a can harshen C ya samu siffarsa har aka sake rubuta Unix da shi a 1973. An sayar da PDP-11 kusan 600,000, har Tarayyar Sobiyet ta kwaikwayi tsarin, a kan irin wannan kwafin mai suna Elektronika 60 Alexey Pajitnov ya rubuta wasan Tetris a 1984.

Amma ciwon da ya kama PDP-8 bai ƙyale ta ba. Bit 16 iyakarsu bayit 65,536, aka ware 8,192 na sama wa na'urori, saura kilobayit 56. A 1970 wannan kamar ba za a taɓa cikawa ba, cikin ƴan shekaru memori ya yi araha kowa na son ƙari. Aka yi ta faci, PDP-8 an kai memorinta filaye takwas kowanne kalma 4096, ta kai kalma 32,768, PDP-11 aka kai ta bit 18, a 11/70 ta 1975 aka kai 22 wato megabayit 4, amma furogiram ɗaya har lokacin ta ƙaramar tagar nan ta bit 16 yake leƙawa. Gordon Bell da William Strecker sun rubuta a 1976, a takardar da suka yi bitar abin da aka koya daga PDP-11, cewa kuskuren da ya fi wuyar gyarawa a ƙirar kwamfuta shi ne ƙarancin bit na adireshi, kuma sun amsa cewa injinsu ya faɗa ciki. Maganin shi ne VAX-11/780 a 1977 mai bit 32.

TAMBAYA: Malam ina waɗannan injina suka shiga yanzu, kuma akwai yadda mutum zai gwada ɗaya?

AMSA: Furosesa a cip ɗaya ce ta cinye kasuwarsu daga ƙasa, yadda su ma suka yi wa manyan injina. Tun 1975 an mai da PDP-8 cip guda mai suna Intersil 6100, PDP-11 ma ta koma allo ɗaya mai suna LSI-11. Compaq ta sayi DEC a 1998, EMC ta sayi Data General a 1999. Gwadawa kuwa akwai manhaja kyauta mai suna SIMH wadda Bob Supnik, tsohon injiniyan DEC, ya fara, tana kwaikwayon PDP-8 da PDP-11 da Nova da wasu da yawa a kan kowace laftof. Ki ko ka buɗe ta PDP-8, a ajiye 7 a wani gurbi, 5 a wani, a fara daga adireshi 200 a shigar da umarni shida: CLA mai share hannu, TAD na biyar ɗin, CIA, TAD na bakwai ɗin, DCA zuwa gurbi na uku, sai HLT a tsayar da injin (CLA da HLT ma daga cikin OPR suke). A duba gurbi na ukun, 0002 za a gani. Wanda nasa ya ba da wata lamba daban ya turo min abin da ya shigar layi-layi, mu duba tare a fitowa ta gaba in sha Allahu.